Triniti: ina iyakar haƙuri tsakanin Kiristocin da suka saɓa?

Istifanus:
Salama gare ku duka. Ina da tambaya da ta daɗe tana cina, ina so manyanmu su sa baki. Mafi yawan Kiristocin duniya, Katolika da Otodoks da Furotesta, sun yarda Allah ɗaya ne cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Amma akwai mutane da yawa masu riƙe da Littafi Mai Tsarki, masu kiran sunan Yesu, waɗanda ba su yarda da Triniti ba. Akwai Shaidun Jehobah, akwai 'yan Fentikos masu baftisma da sunan Yesu kaɗai, akwai 'yan Yunitariyan masu cewa Uba kaɗai ne Allah. Ba wai ina tambayar wa ke da gaskiya ba ne, na san inda na tsaya. Abin da nake so in sani shi ne, me ya wajaba a kaina game da mutumin da muka saɓa a kan wannan? In yi addu'a tare da shi? In ce masa ɗan'uwa? In buɗe masa ƙofa idan ya ƙwanƙwasa?

Fasto Danjuma:
Ɗana Istifanus, tambayarka tana kan hanya, amma kada mu fara maganar sassauci kafin mu auna nauyin abin. Triniti ba irin saɓanin ranar sujada ba ne ko na cin nama, wanda Bulus ya ce a Romawa 14 kowa ya tabbata a zuciyarsa. Magana ce ta wanene ya mutu a kan gicciye. Idan Yesu halitta ne, komai girmansa, to halitta ce ta cece mu, mu kuma da muke yi masa sujada mun zama masu bautar halitta. Idan kuwa Allah ne, wanda ya ƙi yi masa sujada ya hana Allah haƙƙinsa. Ka karanta 2 Yohanna aya ta 10 da 11: wanda ya zo muku bai kawo koyarwar Kiristi ba, kada ku karɓe shi a gida, kada ku yi masa maraba. Manzon da ya fi kowa maganar ƙauna ne ya rubuta wannan.

Hannatu:
Baba Fasto, da girmamawa. Yohannan nan ne fa ya zo wa Yesu da ƙarar wani mutum mai fitar da aljanu da sunansa, ya ce sun hana shi domin ba ya cikinsu. Yesu ya ce kada ku hana shi, Markus 9:38 zuwa 40. Shi ne kuma da ɗan'uwansa Yakubu suka nemi izinin kiran wuta daga sama a kan ƙauyen Samariyawa, Yesu ya juya ya tsawata musu. Samariyawa kuwa saɓanin koyarwa ne ya raba su da Yahudawa.

Fasto Danjuma:
'Yata, mutumin da ke Markus 9 bai musanta wanene Yesu ba, ƙungiya ce kawai bai shiga ba. Kada mu haɗa biyun. Amma maganar wutar na karɓa, ban taɓa cewa a kira wa kowa wuta ba.

Malam Haruna:
Ku ba ni dama in shigo da tarihi, domin wutar da Hannatu ta ambata an kira ta, kuma Kiristoci ne suka kira wa Kiristoci. Ni mai riƙe da Triniti ne, ina karanta shaidar bangaskiya ta Nikiya da zuciya ɗaya, shi ya sa ma abin yake damuna.

Rigimar ta tashi ne a Iskandariya ta Masar, tsakanin wani limami mai suna Ariyus da bishop ɗinsa Alekzanda. Ariyus yana koyar da cewa akwai lokacin da babu Ɗan, Uba ne ya samar da shi kafin dukan halitta. A shekara ta 325 Sarki Kustantin na daular Romawa ya tara bishop-bishop kimanin 300 a Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yau. Taron ya yanke cewa Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, ainihinsa ɗaya da Uba. Har nan ba ni da ja, ikkilisiya tana da ikon faɗin abin da ta gaskata. Abin da ya biyo baya ne matsalar. Sarki ya kori Ariyus da bishop biyu da suka ƙi sa hannu zuwa gudun hijira, ya ba da umarni a ƙone littattafansa, wanda aka kama ya ɓoye su hukuncinsa kisa.

To, ku dubi yadda reshe ya juya da mujiya. Shekara goma kacal bayan Nikiya, a 335, Kustantin ɗin nan ya kori Atanasiyus, babban mai kare Triniti, zuwa Tiriya a can Jamus ta yau. Da Kustantin zai mutu a 337, wanda ya yi masa baftisma shi ne Yusibiyus na Nikomidiya, abokin Ariyus. Ɗansa Kustantiyus ya karkata ga masu adawa da Nikiya, ya yi ta korar bishop-bishop ɗinmu. Sau biyar aka kori Atanasiyus daga kujerarsa. Sai a 380 Sarki Tiyodosiyus ya kafa doka cewa koyarwar Nikiya ce addinin daula, taron Kustantiniya na 381 ya tabbatar da ita, aka ƙwace majami'un ɗaya ɓangaren. Bayan ƙarni guda, a 484, Hunerik sarkin ƙabilar Bandal a Arewacin Afirka, mabiyin koyarwar Ariyus, ya ɗauko dokokin da Romawa suka rubuta don hukunta 'yan bidi'a ya juya su kan masu Triniti.

Duk wanda sarki ya tsaya a bayansa, sai ya manta da haƙurin da yake roƙo jiya. Ban ga ɓangaren da ya tsira daga wannan ba.

Ishaku:
Na gode Malam. Ni ɗan cocin da kuke kira "Sunan Yesu Kaɗai" ne, kuma ina so in gyara wani abu tun kafin a yi nisa. Ɗan'uwa Istifanus ya jera mu da Shaidun Jehobah a layi ɗaya, Fasto kuma ya amsa kamar dukanmu muna cewa Yesu halitta ne. Mu ba mu taɓa faɗin haka ba. Mu cewa muke Yesu shi ne Allah ɗin gaba ɗaya, Kolosiyawa 2:9, a cikinsa dukan cikar Allahntaka ke zaune cikin jiki. Uba, Ɗa da Ruhu hanyoyi ne da Allah ɗaya ya bayyana kansa, ba uku ne masu zama daban ba. Shi ya sa muke baftisma yadda Bitrus ya faɗa a Ayyukan Manzanni 2:38. Shaidun Jehobah suna ganin kun ɗaga Yesu fiye da kima, mu muna ganin kun raba Allah. Tsakaninmu da su ya fi tsakaninmu da ku nisa.

Kuma ba daga waje muka faɗo ba. Kakanninmu a bangaskiya suna cikin Assemblies of God a Amurka, har zuwa taron 1916 da aka rubuta shaidar bangaskiya mai tabbatar da Triniti, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wa'azinsu suka fita. Mutanen da suka yi azumi tare, suka yi wa marasa lafiya addu'a tare. Abin da ke mini zafi shi ne a dube ni a ce ni ba Kirista ba ne, alhali ba ni da wani abin dogara sai jinin Yesu.

Fasto Danjuma:
Ishaku, na ji bambancin, kuma daidai ne a faɗi matsayin mutum yadda shi yake faɗinsa. Amma ka amsa mini. A Kogin Urdun, Yesu yana cikin ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, murya tana zuwa daga sama. A Yohanna 17:5 yana roƙon Uba ya ɗaukaka shi da ɗaukakar da yake da ita tare da shi tun duniya ba ta kasance ba. Tare da wa? A Getsamani da ya ce ba nufina ba sai naka, nufin wa ya bari, na wa ya ɗauka? Wannan koyarwar taku ba sabuwa ba ce, Sabeliyus ya koyar da mai kama da ita a ƙarni na 3, Tartuliyan, malamin ikkilisiyar farko, kuma ya rubuta littafi guda yana ƙaryata irinta tun kafin a haifi Kustantin.

Sannan tunda haƙuri ake magana, ku ne kuke ɗaukar mutumin da na yi wa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, yadda Matiyu 28:19 ta umarta, ku sake nutsar da shi, ku ce masa ta farkon wanka ya yi. Wane ne ya fara cewa wani ba Kirista ba ne?

Ishaku:
Baba, a Getsamani mutuntakarsa ce take magana da Allahntakar da ke cikinsa, haka muka fahimta. Na san ba za ka gamsu ba. Game da baftisma, gaskiya ne muna sakewa, domin mun gaskata sunan da aka ba mu shi ne Yesu. Amma ba mu kaɗai ke yin haka ba. Cocin Katolika ta sanar a 2001 cewa ba ta karɓar baftismar 'yan Mormon saboda fahimtarsu game da Allah ta bambanta. 'Yan Baftis ba sa karɓar baftismar jarirai. Ni ma da zan dawo cocinka yau, sai ka sake mini. Kowa yana tsaron ƙofarsa.

Mama Rifkatu:
'Ya'yana, ni ban yi karatun tauhidi ba, amma abin nan a cikin ɗakina yake. Ɗana na biyu ya tafi jami'a ya dawo ya shiga cocin su Ishaku, an sake masa baftisma. Babansa dattijon ikkilisiya ne. Ranar da ya ji, bai ɗaga murya ba, sai dai ya ce daga yau yaron ba zai ƙara jan addu'ar iyali ba. Haka aka yi. Kullum da dare muna taruwa, shi yana zama a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, Littafinsa a kan gwiwa, ba ya cewa uffan. Amma in an zo rufewa da alherin Ubangijinmu Yesu Kiristi da ƙaunar Allah da zumuntar Ruhu Mai Tsarki, da shi ake faɗa, muryarsa ma ta fi ta kowa fita. Na tambaye shi, ya ce Mama ai aya ce, ni ban ƙi ko aya ɗaya ba.

Da ciwo ya kwantar da babansa a asibiti, shi ne yake kwana a ƙasa gefen gado, shi ke juya shi, shi ke kai shi banɗaki. Wani dare numfashi ya yi wa baban wuya, ma'aikaciyar jinya ta fita kiran likita, sai ya kamo hannun yaron ya ce yi mini addu'a. Yaron ya durƙusa ya yi, ya rufe da sunan Yesu, baban ya ce amin, ni ma na ce amin. An sallame mu, muka dawo gida, gardamarsu ta ci gaba daga inda ta tsaya, har yau ba ya jan addu'ar iyali. Fasto, ni tambayata ita ce, amin ɗin da muka ce a daren nan zunubi ne? Ayar Yohanna ta ce in rufe wa ɗan da na haifa ƙofa?

Fasto Danjuma:
Mama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A'a, ba zunubi kuka yi ba, kuma ayar ba ta ce ki kori ɗanki ba. A zamanin Yohanna ikkilisiya a gidaje take taruwa, malamai kuma suna yawo gari gari, wanda ya sauke malami a gidansa ya ba shi wurin koyarwa ke nan, ya kuma ɗauki nauyin aikinsa. Wasiƙa ta 3 ta Yohanna ta nuna haka sarai, inda aka yaba wa Gayus don yana sauke masu wa'azi na gaskiya. Abin da aka hana shi ne ba mai koyarwar ƙarya mumbari da guzuri. Baba ya yi daidai da ya riƙe jan addu'a, ke ma kin yi daidai da kika riƙe ɗanki.

Malam Haruna:
Fasto, wannan bambanci da ka yi shi ne abin da ikkilisiya ta kasa yi shekara fiye da dubu. Bari in ba ku labari ɗaya dalla-dalla, domin ya faru a hannun mutanen da yawancinmu muke alfahari da su.

Mika'ilu Sarbetus likita ne ɗan Sifaniya, mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin baki. A 1531, yana saurayi, ya buga littafi a kan abin da ya kira kurakuran Triniti. A 1553 ya buga wani a ɓoye, wanda a cikinsa ne ma ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu. Kotun binciken bidi'a ta Katolika ta kama shi a garin Biyen na Faransa, ya tsere daga kurkuku, suka ƙone mutum-mutuminsa. Sai ya bi ta Jeneba, birnin Kalbin, babban jagoran Furotesta. Ranar Lahadi 13 ga Agusta ya shiga coci, aka gane shi, aka kama shi. Majalisar birni ta yi shari'a, ta nemi ra'ayin sauran biranen Furotesta na Suwizalan, duka suka ce mai laifi ne. Kalbin ya goyi bayan kisan, sai dai ya nemi a yi da takobi maimakon wuta, majalisa ta ƙi.

Ranar 27 ga Oktoba 1553 aka fita da shi wani tudu da ake kira Shamfel. Aka ɗaure shi a jikin gungume da sarƙa, aka ɗaura masa littafinsa a jiki, aka sa masa rawanin ciyawa da aka barbaɗa wa ƙibiritu. Itacen ɗanye ne, don haka bai mutu da wuri ba, ya kai kusan rabin sa'a. Yana cikin wutar yana kiran Yesu, Ɗan Allah madawwami, ka ji tausayina. Wato ya yarda Allah ne madawwami, Yesu kuma Ɗansa, amma bai yarda ya ce Ɗan shi ma madawwami ne ba. A kan wannan aka ƙone mutumin da ke neman jinƙan Yesu da numfashinsa na ƙarshe. Na gaskata Sarbetus ya yi kuskure a koyarwarsa. Na kuma gaskata waɗanda suka tara itacen sun yi abin da ya fi kuskurensa muni.

Ɗan Gyara:
Malam, ba na kare kisa, amma a yi wa Kalbin adalci. Ba shi ne alƙali ba, a lokacin ma masu adawa da shi ne ke da ƙarfi a majalisar. Dokar daula tun zamanin Romawa ta tanadi hukunci ga masu musun Triniti. Melankton, jagoran Lutaran mai sanyin hali, ya rubuto yana yabon hukuncin. Katolika ma da sun riƙe shi da sun ƙone shi. Mutumin zamaninsa ne, bai kamata mu auna shi da ma'aunin yau ba.

Malam Haruna:
Ɗana, duk abin da ka lissafa gaskiya ne. Amma Sabastiyan Kastiliyo ma mutumin zamanin ne. Ya taɓa zama shugaban makaranta a Jeneba, ya san Kalbin ido da ido, Littafi ɗaya suke karantawa. A 1554 ya fitar da littafi daga Basil yana tambaya ko ya halatta a tsananta wa 'yan bidi'a, daga baya ya rubuta maganar da har yau ba a amsa ta ba: kashe mutum ba kare koyarwa ba ne, kashe mutum ne. Idan Kastiliyo ya iya gani a 1554, to zamani bai rufe wa kowa ido ba. Misalin alkama da zawan da ke Matiyu 13 yana gabansu duka, inda maigida ya ce a bar su su girma tare har girbi, kada garin cire zawan a tumɓuke alkama. A 1903 mabiyan Kalbin da kansu suka kafa dutse kusa da wurin suna nuna nadama. Ba su bar koyarwarsa ba, amma sun ƙi kare wutar.

Ɗan Gyara:
Na yarda da dutsen. Abin da nake tsoro shi ne a fake da Sarbetus a ce duk wanda ya ce wa wata koyarwa ƙarya ce ya zama mai tsanantawa. Yau in ka ce wa mutum ka yi kuskure sai a ce ba ka da ƙauna.

Saratu:
Wannan tsoron yana da tushe. Ina so kuma a faɗi wani abu da ake tsallakewa. Rashin haƙuri ba a wajen masu rinjaye kaɗai yake ba. Ina da ƙawa da ta tashi cikin Shaidun Jehobah, da ta girma ta karanta Yohanna 20:28, inda Toma ya ce wa Yesu Ubangijina da Allahna, ta kasa wuce wurin, daga ƙarshe ta bar su. Tun daga ranar mahaifiyarta ba ta ɗaga wayarta. Ƙannenta in sun hango ta sai su canja hanya. Ba wanda ya taɓa lafiyar jikinta, amma ta rasa danginta gaba ɗaya suna raye.

Duk da haka, da Kotun Ƙolin Rasha ta haramta ƙungiyarsu a 2017 ta ce masu tsattsauran ra'ayi ne, aka ƙwace wuraren taronsu, aka fara ɗaure mutane shekaru don sun taru sun karanta Littafi, ƙawata ce ta fara cewa wannan zalunci ne. Ta tuna mini cewa a sansanonin Hitila an ɗinka musu alama mai ruwan shunayya a riga, da yawa suka mutu don sun ƙi sa hannu a takardar barin bangaskiyarsu. Ta ce mahaifiyarta ta yi mata ba daidai ba, amma ba ta son ganin ɗan sanda a ƙofarta. Na ga Kiristoci da suka yi murna da hukuncin Rasha, abin ya ba ni kunya ƙwarai. Gwamnatin da ta ɗauki ikon tantance wace koyarwa ce halal ba za ta tsaya a kansu ba.

Fasto Danjuma:
'Yata, a nan bakinmu ɗaya. Ba na son hukuma ta taya ni wa'azi. Ko Cocin Katolika, a taron Batikan na biyu a 1965, ta fito fili ta ce kowane mutum yana da 'yancin addini, ba a tilasta masa. Iyakata uku ce: mumbari, ruwan baftisma, da teburin jibin Ubangiji. Wanda ya musanta Triniti ba zai hau na farko ba, ba zan karɓi nasa na biyu ba, ba zan miƙa masa na uku ba. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ma, wadda ake zargi da sassauci, a taronta na New Delhi a 1961 ta sa ambaton Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki cikin sharaɗin zama memba. Bayan waɗannan ukun, maƙwabcina ne, zan gaishe shi, zan je duba shi, zan tsaya masa in an zalunce shi. Shaidun Jehobah in sun ƙwanƙwasa ina ba su kujera, mu buɗe Yohanna sura ta 1.

Ishaku:
Baba, a cikin lissafin ban ji "ɗan'uwa" ba. Maƙwabci na ji.

Fasto Danjuma:
Da gangan ne, Ishaku. Ba zan ce maka abin da zai sa ka kwanta da daɗi a kan abin da nake ganin haɗari ne ba. Ban ce ka hallaka ba, wannan ba hurumina ba ne, Ubangiji ya san nasa. Ɓarawon da ke kan gicciye bai karanta Nikiya ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda bai taɓa fahimta ba da wanda aka bayyana masa ya ce a'a, yana kuma koya wa wasu. Ina maka addu'a da sunanka, wannan zan iya yi maka alkawari.

Ishaku:
Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma na fi son wannan da wanda zai ce mini ɗan'uwa a gabana, in na juya ya ce wa yaransa kada su gaishe ni. Ni dai zan ci gaba da ce maka Baba.

Malam Haruna:
Akwai wuraren da aka gwada zaman tare, kada a ɗauka tarihin duka wuta ne. A Rabenna ta Italiya, Sarki Tiyodorik mabiyin Ariyus ne, talakawansa kuwa masu Triniti. Bai ƙwace musu ɗakin baftismarsu ba, ya gina wa mutanensa nasu. Dukansu biyu suna tsaye har yau, tafiyar 'yan mintuna tsakaninsu, kowanne da hoton baftismar Yesu a rufinsa. A Tiransilbaniya, cikin Romaniya ta yau, majalisar Torda ta 1568 ƙarƙashin Sarki Yohanna Sigismund ta yanke cewa kada a tsananta wa mai wa'azi saboda koyarwarsa, domin bangaskiya baiwar Allah ce. Katolika, Lutaran, mabiyan Kalbin da Yunitariyan suka samu wurin zama a ƙasa ɗaya. Sai dai shugaban Yunitariyan ɗin, Faransis Dabid, da ya ƙara gaba ya ce kada a yi addu'a ga Yesu, abokin tafiyarsa Biyandarata ne ya kai ƙararsa, ya mutu a kurkukun Deba a 1579. Waɗanda suka samu haƙuri jiya suka kasa ba nasu.

A Polan an bar masu musun Triniti da makarantarsu da maɗaba'arsu a Rakow, sannan a 1658 aka ce su tuba ko su bar ƙasar. A Ingila an ƙone mutum biyu a 1612 a kan wannan batu, su ne na ƙarshe da aka ƙone don bidi'a a can. Dokar haƙuri ta 1689 ta sassauta wa 'yan Baftis da makamantansu amma ta ware masu musun Triniti, sai a 1813 aka ɗage musu hukunci. A Edinbara an rataye wani ɗalibi, Tomas Ekinhed, a 1697, yana da shekara 20, saboda maganganun da ya yi har da na Triniti. Me wannan ya haifar? Ishaku Niyuton, masanin kimiyyar nan, bai yarda da Triniti ba, ya cika takardu da hujjojinsa, ya ɓoye su har ya mutu, aka binne shi da girma a cocin Westminista. Tsoro bai sa ya gaskata ba, ya dai hana kowa samun damar zama da shi a amsa masa. Mai shakka da ya yi shiru a kujerar coci ya fi Ishakunmu na nan da ke faɗin nasa a fili wuyar taimako.

Hannatu:
Malam, wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Matasa da yawa a cocinmu in ka tambaye su Triniti, bayanin da za su ba ka na su Ishaku ne ba su sani ba, wasu kuma na Ariyus ne. Ba wanda ya kore su domin ba wanda ya tambaye su. Wanda ya zauna ya yi tunani ya faɗi abin da ya fahimta shi ne ke shan kora. Baba Fasto, ashe ba koyarwa ce ta yi mana ƙaranci ba?

Fasto Danjuma:
Ta yi ƙaranci sosai. Ikkilisiyar da ba ta koya wa 'ya'yanta wannan ba, ba ta da bakin yin fushi in wani ya zo ya koya musu nasa. Kuma yaron da ya zo da tambaya ba ɗaya yake da malamin da ya zo da ƙungiya ba. Wasiƙar Yahuza aya ta 22 ta ce a ji tausayin masu shakka.

Mama Rifkatu:
To Fasto, ga wata. Ɗan nawa ya fara neman wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu, iyayenta sun zo suna tambayata. In abin ya kai ga aure, za ka ɗaura?

Fasto Danjuma:
Mama, zan zauna da su biyun tukuna, ba sau ɗaya ba. Zan tambaye su wace coci za su je, da wane suna za a yi wa 'ya'yansu baftisma, ko zai matsa mata a sake mata tata. In ya ce sai an sake, ita kuma ba ta so, zan ce mata ta dakata. In ya tsaya a kan koyarwarsa, ba zan ɗaura a gaban bagadinmu ba, domin da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki nake sa albarka, ba na so ya tsaya yana jin abin da zuciyarsa ke musu. Amma in sun yi a wani wuri suka gayyace ni, zan zo, zan kuma ce wa Baba shi ma ya zo.

Ishaku:
Mama, faston namu ma kusan haka zai ce, sai dai shi zai nemi yarinyar ta fara zuwa ajin baftisma. Ki gaya wa ɗan'uwana ya faɗa mata wannan tun yanzu, kafin iyaye su sa rana.